Ruwan 'yan kasuwa: darasi daga Landan ga masu ruwan Legas

Duk lokacin da aka tayar da maganar shigo da 'yan kasuwa harkar ruwan Legas, ƙungiyoyin ma'aikata sukan yi ca a kai. Mu kuwa a Agege da Idi-Araba maganar ta shafi tukunyarmu kai tsaye, domin 'yan uwanmu ne da yawa ke tura kurar jarkoki. Wannan rigima ba sabuwa ba ce, Landan ta yi irinta shekara 400 da suka wuce.

Hugh Myddelton ɗan garin Denbigh ne a yankin Wales, maƙerin zinariya kuma ɗan majalisa. A zamaninsa Landan ta cika ta batse, masu ɗaukar ruwa ne ke kai wa gidaje. A 1609 ya ɗauki nauyin haƙa magudana daga maɓuɓɓugan Chadwell da Amwell zuwa cikin birni, tafiyar kusan kilomita 60, ruwan na gangarowa da kansa ba inji.

Aikin ya so ya gagare shi. Masu filaye suka tubure, kuɗi suka yi ƙasa. Sai a 1612 Sarki James na Ɗaya ya yarda ya biya rabin kuɗin aikin a kan zai karɓi rabin riba. Aka buɗe magudanar, mai suna New River, ranar 29 ga Satumba 1613. Har yau Landan na shan ruwanta.

To amma wa ya amfana? Bututun katako ya shiga gidajen masu iya biyan kuɗin ruwa ne. Talaka ya ci gaba da dogara ga mai ɗaukar ruwa, shi kuma sana'arsa ta riƙa ja da baya a hankali yayin da bututu ke yaɗuwa.

Kenan ɗan kasuwa shi kaɗai bai iya ba sai da hukuma ta sa hannu, kuma bututu ya bi inda kuɗi suke. Idan Legas za ta bi wannan hanya, ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin masu ruwa su nemi kujera a teburin tun kafin a sa hannu. Su tambaya: unguwanninmu na cikin taswirar? Nawa ne farashi? Mai kura fa, ina zai sa kansa? Wanda bai yi magana ranar rabo ba, shi ake mantawa.