Stockfish, Leela da ramukan dara talatin

Ranar Asabar na je ta'aziyya Madobi. Bayan la'asar, a gindin darbejiya, na tarar da ɗan ƙanwata da abokansa sun kifa kai a kan waya ɗaya, musu ya kaure: tsakanin manhajojin Stockfish da Leela wa ya fi iya ƙarshen wasa a darar chess? Taku biyar daga nan dattawa ne zaune a kan ramukan dararsu talatin, wannan da tsakuwa, wancan da kara. Ko yaro ɗaya bai waiga ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Na ce, "Kai, ka san abin da kuke jayayya a kai?" Ya ce, "Kawu, Stockfish lissafi, Leela basira." Ya kusa. Amma da zarar 'ya'yan wasa sun ragu zuwa bakwai, gardama ta ƙare. A 2012 masana a Jami'ar Mosko suka lissafe duk wani zama da 'ya'ya bakwai za su iya yi, har da wanda sai an yi motsi sama da 500 kafin a kashe sarki. Manhajar da aka jona wa wannan rumbu, karantawa kawai take yi. Ƙarfin nata gumin waɗansu mutane ne da suka zauna suka rubuta. Haka Jonathan Schaeffer na Kanada ya shekara 18 a kan dirafti, sai a 2007 ya tabbatar cewa in ba wanda ya yi kuskure, canjaras ake tashi.

To mu fa? A gabana wani tsoho da ya taso daga fadamar shinkafarsa, taɓo bai ma bushe a ƙwaurinsa ba, saura masa kara biyar, abokin karawarsa na da tsakuwa takwas. Ya yi shiru, ya bari aka matso shi, ashe doki yake kafawa. Ya tura kara ɗaya gaba ya jera uku, ya ci. Ya dawo da shi, ya sake ci. Mai takwas ya karkaɗe riga ya tashi. Wannan ilimin a kansa kaɗai yake, ranar da ya kwanta dama an binne shi ke nan. Halinmu ne na sakaci, irin wanda ya bar kachala ta cinye magudanan ruwan Tiga.

Za a ce chess ke kawo suna, ga Tunde Onakoya da ya yi sa'o'i 60 yana buga ta a New York a 2024. Na yarda. Amma abin kunya ne yaron Madobi ya haddace sunayen manhajojin Turawa bai san dokar dara ba.

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Bayero da ta Wudil, ku ɗauki littafi da biro ku zo Madobi, Kura da Bunkure tun dattawan nan na raye.