Kalmar "Creed" da Bangaskiyarmu

A ikilisiyoyinmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun, matasan da suka yi boko sukan kira Shaidar Bangaskiya da sunanta na Turanci, wato "creed". Ba laifi ba ne, amma ya kamata mu san abin da kalmar take ɗauke da shi.

Asalinta daga Latin ne, "credo", wato "na ba da gaskiya". Da wannan furci Shaidar Manzanni ta fara, wadda shugabannin ikilisiya suka tsara a Nikiya a shekarar 325 kuwa ta fara da "mun ba da gaskiya". Masana harshe sun ce tushen kalmar shi ne ɗora zuciya a kan wani. Daga nan ne kiredit ya fito, wato bashi. Ɗan kasuwa ba zai ba ka buhun shinkafa ran Talata ka biya mako mai zuwa ba, sai in ya yarda da kai.

A Turancin yau kuwa, sau da yawa kalmar ba ta wuce sunan addinin mutum ko jerin koyarwar ƙungiyarsa ba. Nan haɗarin yake. Yaro yana iya haddace shaidar sarai, zuciyarsa kuwa tana wani wuri.

Kalmar da muka gada tun daga Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ba ta bar mu a duhu ba. Bangaskiya ba da gaskiya ce, kamar yadda bangirma yake ba da girma. Manomin Bakolori ya san ban ruwa ba da baki ake yin sa ba, sai ruwa ya shiga gona.

Maƙwabtanmu Musulmi sukan ce imani. In Bahaushe ya ce wane ba shi da imani, nufinsa ba shi da tausayi. Ashe da hali ake auna mu. Mu kaɗan ne a nan, idon kowa kuma yana kanmu: a kan mudunmu, da alkawarinmu, da yadda muke karɓar waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu.

Saboda haka muna roƙon dattawa da malaman ajin baftisma, kada a tsaya ga hadda. A bi shaidar jimla jimla da Hausa, a tambayi kowane mai neman baftisma abin da ya miƙa wa Ubangiji sa'ad da ya furta ta.

Ubangiji ya ƙara mana bangaskiya. Amin.