Sabon Keke: Yaushe Ake Sa wa Sarƙa Mai?



Yawancinmu da zarar mun saya wa yaro sabon keke, sai mu taɓa sarƙar mu ji tana danƙo, mu ce ƙazanta ce, mu ɗauko kananzir ko fetur mu wanke ta tas. To, wannan danƙon giris ne da kamfani ya dafa ya cusa cikin gaɓoɓin sarƙar tun kafin a harhaɗa ta, kuma babu man da za mu ɗiga daga waje ya shiga inda ya shiga. Wanda ya wanke shi ranar farko ya rage wa sarƙarsa kwana da hannunsa. Abin da ya kamata shi ne a sa busasshen tsumma a goge na saman kawai, domin kada ya kama ƙura.

Sai yaushe ke nan? Sarƙar da kanta za ta faɗa. Idan ta fara ƙara kamar kukan ɓera, ko gaɓoɓinta suka bushe suna ƙyalli, ko ruwan sama ya dake ta, lokaci ya yi. A nan Yawunde damina biyu gare mu: daga Maris zuwa Yuni, da kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. A waɗannan watanni, duk ranar da keke ya sha ruwa a goge sarƙar a shanya ta a daren, kafin tsatsa ta kama. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, jar ƙura ce abokiyar gaba, domin idan ta gauraya da mai sai ta riƙa cin ƙarfe tamkar dutsen wāshi.

Ga yadda ake yi. A fara gogewa, kada a taɓa zuba mai a kan datti. A ɗiga ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ana juya feda baya a hankali. A dakata kaɗan man ya ratsa, sa'an nan a goge ragowar sarai. Man sarƙa na musamman ya fi. Idan babu, man keken ɗinki, wanda ba ya wuyar samu wurin telolinmu na Briqueterie, zai yi, sai dai ruwa na saurin wanke shi. Manja da man gyaɗa suna daskarewa, baƙin man mota kuwa cike yake da ɓurɓushin ƙarfe.

Akwai kuma awo mai sauƙi. Tsakanin kowace ƙusa biyu na sarƙa milimita 12.7 ne, saboda haka tsawon gaɓoɓi 24 kusan milimita 305 ne. Idan ya kai 306 da rabi, a sauya ta. In aka yi jinkiri za ta cinye haƙoran da take hawa, kuɗin gyara ya ninka.

Garinmu garin tuddai ne. Yaron da ya miƙe tsaye a kan feda yana hawan tudu tsakanin Mokolo da Cité Verte, duk nauyinsa a kan sarƙar nan yake, ga motoci da babura a bayansa. In ta zame ko ta tsinke a nan, ba maganar kuɗi ake yi ba. Rigakafi ya fi magani.

Mu koya wa yaran wannan aiki da hannunsu, kowane mako sau ɗaya. Allah ya tsare mana su a kan hanya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.