Ga Wayne LaPierre: Ina Masu Bindigar Kirki Suke a Uvalde?

Bayan kisan yara 20 a makarantar Sandy Hook a 2012, Wayne LaPierre na NRA, ƙungiyar masu kare haƙƙin mallakar bindiga a Amurka, ya ce mai bindiga na kirki ne kaɗai maganin mugun ɗan bindiga. Harin da wani ɗan bindiga ya kai wata makaranta a garin Uvalde ya ƙaryata shi. A 2022 jami'an tsaro 376 suka taru da makamai, suka yi cirko-cirko sama da awa guda, yara na buga waya daga cikin aji suna roƙon agaji. An kashe ɗalibai 19 da malamai biyu. Za a ce tsarin mulkin Amurka ya halatta bindiga. To, hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Heller na 2008 ma ya yarda haƙƙin yana da iyaka. Amma a 2013, da NRA ta matsa lamba, ƙudirin tantance mai sayen bindiga ya mutu a Majalisar Dattawa da ƙuri'u 54, ana buƙatar 60.