A Daina Canza Koyil da Canke

Mota 'yar Kwatano ta haura kilomita 200,000, ta fara karkarwa a tsaye, tana shaƙewa a hawa. Bakanike ya kasa kunne na minti ɗaya, ya yanke hukunci: a sayo koyil huɗu. Wannan duba ne irin na boka, mai mota kuma shi ke biyan kuɗin turare.

Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suna da kafar OBD-II, inda na'ura ke karanta ciwon inji. Idan ta nuna P0302, silinda ta biyu ce ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Sai a musanya koyil ɗinta da na ta uku. In ciwon ya bi shi, shi kaɗai za a canza. In ya tsaya inda yake, a duba fulogi, da baƙin man da kan yoyo cikin raminsa.

Abin takaicin shi ne, bakaniken da ya ce a zubar da lafiyayyun koyil shi ne zai kankare tsohon fulogi ya mayar, wai tattali. Bakin fulogi yana ƙara buɗewa da tsufa, dole koyil ya ƙara ƙarfin wuta kafin tartsatsi ya tsallaka, har ya ƙone. Fulogi ne ya cancanci a canza gaba ɗaya, da irin wanda kamfanin motar ya ƙayyade. A kuma lura da jabun Denso da NGK.