Damuwa da Kallon Batsa: Me Ke Faruwa Cikin Ƙwaƙwalwar Namiji?

Yau za mu taɓo wata magana da kunya ke hana iyaye da malamai faɗa a fili, alhali tana cin gidaje kamar gara: sabon da wasu maza suka yi da kallon hotuna da finafinan batsa a wayar salula. Hukuncinta a shari'a sananne ne, domin Allah Ya umarci muminai da runtse ido cikin Suratun Nur, aya ta 30. Tambayarmu ita ce: me ya sa mutum ya san haramun ne, ya tuba da asuba, ya koma da dare?

Wani ɓangare na amsar yana wajen damuwa. Idan bashi, rashin aikin yi ko rigimar gida suka matsa wa mutum, wasu ƙananan halittu da ke bisa ƙoda suna sakin sinadarin kotizol cikin jini. Amfaninsa shi ne shirya jiki ya fuskanci haɗari. Amma idan damuwar ta yi tsanani ko ta daɗe, sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, yakan yi rauni, ga shi kuwa shi ne linzamin da ke auna sakamako kafin a aikata. Da zarar linzami ya saki, sai mutum ya koma ga abin da ya saba. Hausawa sun ce sabo turken wawa.

Shi kuwa sabon, ga yadda yake kafuwa. Duk lokacin da ido ya ga sabon hoto, ƙwaƙwalwa takan saki sinadarin dofamin, wanda ke koya mata cewa a sake nema. Sannu a hankali kaɗaici, duhun ɗaki da riƙe waya su kansu sukan zama masu kira. A shekarar 2014, Valerie Voon da abokan aikinta a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar maza 19 da sha'awa ta fi ƙarfinsu, suka gwada da ta wasu maza masu lafiya. Sun tarar sassan kwaɗayi sun fi motsawa a wajen na farko, kuma jarabar nema ta ƙaru ba tare da jin daɗin ya ƙaru ba. Wato mutum yana bin abin da ya daina gamsar da shi.

A wannan shekarar kuma, a Cibiyar Max Planck ta birnin Balin a Jamus, an binciki maza 64. Waɗanda suka fi yawan kallo, wani sashe na cibiyar lada a ƙwaƙwalwarsu ya fi ƙanƙanta, motsinta kuma ya ragu idan an nuna musu irin hotunan. Masu binciken sun yi adalci, suka ce ana iya samun wanda ƙwaƙwalwarsa haka take tun farko, shi ya sa ya faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya kasa mallakar sha'awa cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022.

Wanda ke biyan kuɗin wannan sabo ba mai kallon kaɗai ba ne. Uwargida tana ganin mijinta ya yi nisa, tana zargin kanta. Shi kuma nadama ta ƙara masa damuwa, damuwar ta sake tura shi wurin da ya fito.

Saboda haka tsawa kaɗai ba ta isa ba, sai an toshe ƙofar da ɓarawon ke bi. Ya ɗan uwa, lura da sa'ar da abin ya fi zo maka: bayan faɗa ne, ko bayan an hana ka bashi? Kada waya ta kwana kusa da shimfiɗarka. Ka yi barci da wuri, ka motsa jiki, ka lizimci sallar jam'i, ka riƙa azumin da Manzon Allah (SAW) ya nuna wa samarin da ba su da halin aure. Damuwarka kuwa ka kai ta ga amintacce, malami ko likita, domin ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Ƙwaƙwalwar da ta koyi sabo tana iya koyon wani.

Iyaye kuma mu tuna, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya tsare idanunmu da zukatanmu. Sai fitowa ta gaba, wassalam.