Kayan Kiɗa a Rataye: Tsakanin Mai Tarawa da Mai Kaɗawa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata muhawara da ta daɗe tana kai-komo tsakanin ma'abota na'urar haɗa sauti da ake kira sintesaiza, musamman irin wadda ake harhaɗawa gida-gida. Ita wannan na'ura ba a sayenta a dunƙule kamar rediyo. Mutum yakan sayi akwati, sa'an nan ya riƙa cika shi da ƙananan gidaje: wannan shi ke haifar da amo, wancan shi ke tace shi, wani kuma shi ke ƙayyade tashinsa da faɗuwarsa. Da wayoyi ake sada gidajen, kuma duk sauyin da aka yi wa wayoyin sai sautin ya sauya. Robert Moog ya fara nuna irin tasa a birnin Niyok a 1964, Don Buchla kuma ya ƙera tasa a Kalifoniya a daidai wannan zamani. A tsakiyar shekarun 1990 ne wani Bajamushe, Dieter Doepfer, ya fito da ma'auni guda wanda ɗaruruwan ƙananan kamfanoni suka bi, har gidajen da ake iya saya suka kai dubbai.

Daga nan matsalar ta taso. Akwatin da ake cikawa gida-gida ba shi da ƙarshe, domin kullum da sauran gurbi, in ya cika a sayi wani. Aka wayi gari akwai mutanen da suka cika bangon ɗaki da na'urori, suna ɗora hotunansu a Instagram da YouTube, alhali shekaru sun shuɗe ba su kammala kiɗa ko ɗaya ba. Da kamfanin Moog ya sake ƙera tsohuwar na'urarsa System 55 a 2015, dala 35,000 ya yi mata kuɗi. Masu suka na cewa abin kiɗa ya koma kayan ado. Masu tarawa na cewa kuɗinsu ne, kuma cinikinsu ne ke riƙe da masu ƙerawa.

Mai karatu na iya ɗaukar wannan a matsayin rigimar masu ƙoshi wadda ba ta shafi ƙasar Hausa ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ta shafe ta ƙwarai, sai dai a nan mai tarawa ba ɗan kasuwar da ya rasa abin yi da kuɗi ba ne kaɗai. Har da cibiyoyin da aka ɗora wa alhakin adana al'ada, da su kansu masu nazarin Hausa.

Makaɗin Hausa da kayansa kaɗan

Duk wanda ya shiga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi zai ji kiɗa ta kowace kusurwa, daga rumfunan masu tura waƙoƙi a waya har zuwa motocin da ke shirin tsallakawa ta Kwangwalam su nufi Matamaye da Damagaram. Mafi yawan abin da ake ji kiɗan fiyano ne, wato wanda aka haɗa a sutudiyo da na'ura mai madannai. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa kan yadda ƙananan fiyanonin Yamaha samfurin PSR suka zama ginshiƙin kiɗan finafinan Kano tun shekarun 1990, da yadda waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta buɗe wa wannan salo kasuwa. Waɗannan na'urori masu rahusa ne, an yi su ne domin masu koyo a gida. Amma da su matasan Kano da Kaduna da Jos suka fitar da dubban waƙoƙi, suka kafa sana'ar da ke ciyar da mawaƙa da 'yan amshi da masu turawa.

A ƙetaren iyaka ma haka labarin yake. Mamman Sani na Nijar ya mallaki fiyanon lantarki guda ɗaya ƙirar Italiya, samfurin Orla, ya naɗi kaset da shi a 1978, kuma shekaru da dama gidajen rediyo da talabijin na ƙasar suna sanya kiɗansa tsakanin shirye-shirye. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da wannan aiki, duniya ta san shi. Kafin zuwan lantarki ma, Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zagaya duniya, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwani da fata. Alhaji Mamman Shata bai rabu da kalangu ba har ya rasu a 1999, kamar yadda Narambaɗa ya tsaya kan kotso. Al'adar makaɗin Hausa ita ce ya riƙi abu guda ya yi masa sanin ciki da bai, har mutane su riƙa kiran sunansa haɗe da sunan abin kiɗansa.

Wane ne mai tarawa a ƙasar Hausa?

Idan makaɗi ba ya tarawa, to ina ake ganin garaya da gurmi da kukuma da jauje jere a wuri guda? Ana ganin su a gidajen tarihi, da bangon ofisoshin al'adu, da zaurukan otal-otal, da ɗakunan ajiya na sassan koyar da Hausa, inda ɗalibai kan kawo su ranar Makon Hausa a ɗauki hoto a mayar. Kowanne da 'yar takarda mai ɗauke da sunansa. Sau da yawa ba a samun ko mutum ɗaya a ginin da zai iya saita tsirkiyarsa.

Ta fuskar rubutu ma an yi tari mai yawa, kuma tari ne mai daraja. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa ya kuma shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka. An rubuta kundaye masu ɗimbin yawa kan turke da salo da zubi. Sai dai mafi yawan wannan nazari ya fi karkata ga matanin waƙa, domin shi ne ke zama a takarda. Hannun da ke kaɗawa, wanda shi ne rabin aikin, an bar shi a ƙauye yana tsufa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, abin a yaba ne, amma tambayar da ta rage ita ce: ɗalibai nawa ne suka fita daga sassan Hausa sun iya kaɗa take ɗaya da kalangu?

Abin da ya sa wannan tambaya ke da nauyi shi ne kalangu magana yake yi. Makaɗi yakan matse tsirkiyoyinsa a hammata ya sassauta, amon ya hau ya sauka yana bin karin sautin Hausa, har mahauci ko ɗan dambe ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Fiyano na iya ɗauke da amon kalangu da aka naɗa, amma amo ne ƙafaffe, ba ya lanƙwasa yadda harshe ke lanƙwasa. Idan waɗanda suka san takunan suka ƙare, kalangun da ke cikin gilashi itace ne da fata kawai. Shi ma itacen ba ya daɗewa: fatar da ba a ɗumamawa takan bushe ta tsage, izgar goge takan tsintsinke, gara ta shiga ƙwaryar.

Darasi daga fada

Masarautar Daura, wadda Mai'adua ke cikinta, tana da tsohuwar amsa ga wannan matsala. Tambari da kakaki a fadojin ƙasar Hausa kayan ajiya ne na gaske, ba kowa ke taɓa su ba, kuma ba kullum ake jin su ba. Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Abin da ya raya su tsawon ƙarnoni shi ne fada ba ta taɓa ajiye su su kaɗai ba. Ta haɗa kowanne da gida da ke gadonsa, da sarautar da ke shugabantar makaɗansa, da lokacin da dole a ji shi: jajibirin Sallah, hawan sarki, naɗin sabon sarki, da Sallar Gani wadda Daura ta yi fice a kanta. Saboda an san ranar kaɗawa na zuwa, dole a gyara fata, dole yaro ya tsaya bayan ubansa ya koya. Ajiyar fada ajiya ce mai ma'aikaci da ranar aiki.

Misali na kusa a wannan zamani ya fito daga Nijar. Biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma mazauna Tafkin Chadi, ya kusa ɓacewa. Malam Mamman Barka, wanda ya riga ya yi suna da gurmi, ya tafi a 2002 da tallafin UNESCO ya zauna wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe, ya koya daga hannunsa. Daga baya ya naɗi faifai da biram ya kaɗa shi a Turai, kafin rasuwarsa a 2018. Da a ce kuɗin tallafin biram guda aka saya da shi aka rataye a gidan tarihi a Yamai, da yau hotonsa kaɗai za a nuna.

Haƙƙin mai tarawa

Adalci ne a ba mai tarawa haƙƙinsa. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Ba don wani ya adana kaset ɗin Mamman Sani ba, da ba a sake jin sa ba. Faya-fayan da gidajen rediyon Kaduna da Kano suka naɗa su ne suka sa matashin yau ke iya sauraron Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina. Tsohuwar garaya da ke gidan tarihi tana iya nuna wa mai sassaƙa yadda magabata ke auna wuya da ƙwarya. Haka nan a Turai, masu tara sintesaiza ne suka hana tsofaffin na'urorin shekarun 1960 shiga bola lokacin da kasuwa ta juya musu baya. Laifin yana faruwa ne idan aka ɗauki ajiya a matsayin ƙarshen aiki, aka ji an sauke nauyi don an rubuta suna an manna.

Abin da ya kamata a yi

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Duk sashen Hausa da ke da kayan kiɗa a ajiye zai iya ɗaukar makaɗi guda na gado ya zauna zango ɗaya yana koyarwa, a biya shi kamar yadda ake biyan malami mai ziyara. Kwas ɗin waƙar baka zai iya ƙunsar sashe na aiki da hannu, ko da takuna biyar ne ɗalibi zai iya kaɗawa ya kuma fassara. Mai bincike da ya je ƙauyukan Mai'adua ko Zango ko Sandamu ya kamata ya naɗi hannun makaɗi a bidiyo, da yadda yake ɗaure fata da yadda yake saiti, ya tambayi wa ya koya masa da wa yake koya wa. Kayan haɗawar ma suna nan a kasuwa: fatar akuya, da duma, da izga. Kuma babu abin da zai hana a haɗa ɗan sutudiyo da mai kalangu a ɗaki ɗaya, kamar yadda wasu mawaƙan zamani suka fara gwadawa, domin matashin da ke riƙe da fiyano shi ne ke da kunnen kasuwa a yau.

Akwai masu ƙyamar kiɗa ta fuskar addini ko ta fuskar matsayin maroƙi a al'umma, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa rataye garaya ya fi kaɗa ta sauƙi a harabar jami'a. Amma fannin da ya amince ya ba da digirin dakta kan waƙoƙin Shata ba shi da hujjar jin kunyar kalangunsa. Makaɗan gado da suka rage a ƙasar Daura da sauran ƙasar Hausa dattawa ne, da yawa daga 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'i. Abin kiɗa ana iya sake sassaƙa shi bayan shekara hamsin idan an ajiye samfuri. Taken da ke kan dattijo kuwa, in an binne shi da shi, ba mai tono shi.